Ingarma Ba Babur Ba Ne

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Filin Kangiwa, a bakin Ƙofar Soro, ranar hawan Salla a birnin Katsina, ya san abin da ake kira jafi. Mahaya sukan jeru can nesa, su huɗu ko biyar ko fiye, su sako dawakinsu a sukwane sai ka ce za su bi ta kan Sarki. Saura 'yan taku kaɗan sai su ja linzami gaba ɗaya, dawakin su yi zamiya har su kusa zama a ƙasa, ƙura ta turnuƙe, mahayan kuwa su ɗaga hannu su yi jinjina. Mata na guɗa, masu algaita da kakaki na busa. Yara su koma gida, kowa ya nemi karan dawa ya yi doki da shi.

Abin da ido yake gani ke nan. Amma akwai abin da ido ba ya gani, shi ne kuwa nake so mu duba tare, musamman mu iyaye da muke da samari a gida. Dabban nan da ya tsaya cak a gaban Sarki ya ninka mahayinsa nauyi sau huɗu ko biyar. Da ya ga dama da bai tsaya ba. Yana da hankalinsa, yana da tsoronsa, yana da abin da yake so da abin da ya ƙi. Tsayawar nan ta ƙiftawar ido, aikin watanni ne, wani lokaci ma na shekaru, wanda aka yi a barga da wurin kilisa, inda babu makaɗi babu mai guɗa.

Katsinawa ba baƙin doki ba ne. Tun zamanin da ayari yake ƙetaro hamada daga Agadas zuwa Katsina, ƙarfin sarauta a bisa doki yake. Dawakin Azbin sun yi suna a ƙasar Hausa duka saboda gudu da jimiri. Ƙauran Katsina, wanda har yau akwai ƙofar gari mai sunansa, shi ne shugaban mayaƙa, mayaƙan nan kuwa manyansu barade ne, waɗansu da sulke, waɗansu da lifidi. Bayan jihadi, sa'ad da tsofaffin sarakunan Katsina suka koma Maraɗi, an yi shekaru da yawa ana kai wa juna hari a kan dawaki. A kudu kuwa, inda ƙudan tsando yake, doki ba ya daɗewa, sammore yakan kashe shi. Saboda haka doki ya zama abin Arewa, abin sarauta, abin alfahari.

Wannan tarihi shi ya bar mana irin dokin da muke so. Mutumin da zai shiga yaƙi ba ya neman doki mai sanyin jiki. Yana neman ingarma mai zafin rai, wanda zai kutsa cikin masu mashi, ya tsaya nan take, ya juya nan take. Har wa yau a ƙasar Hausa namijin doki ake hawa, ba a kuwa saba dandaƙe shi ba. Goɗiya akan bar ta a ƙauye domin haihuwa. In mahayi ya fito ran Salla a kan dokin da yake tafiya sumui-sumui kamar jaki, ba wanda zai kalle shi. Wanda ake kallo shi ne mai dokin da yake rawa, yana taƙama, yana tauna linzami, yana haniniya. Watau mu da kanmu muka zaɓi doki mai ra'ayin kansa. To, tun da mun zaɓe shi, tilas ne mu san yadda ake zama da shi.

Abin da ke cikin kan doki

Masu barga suna da sunaye iri iri na halin doki, kamar yadda suke da na launinsa. Yadda za su ce maka wannan kili ne, wancan akawal, wancan hurde ko danda, haka za su ce maka wannan yana da tutsu, wancan yana harbi, wancan yana cizo, wancan kuwa turjiya gare shi, in ya kafe ba ya gaba ba ya baya. Wani dokin da zarar ya juyo ya fuskanci gida sai ya ƙwace, ba ya sauraron kowa sai ya ga turkensa. Wani ba ya yarda wani doki ya wuce shi. Wani kuwa lafiya lau ne da mai shi, amma in baƙo ya sa ƙafa a likkafa sai ya tashi tsaye.

Yawancin mutane duk wannan sukan haɗa su kira shi mugun hali, maganinsa kuma bulala. Ni dai ban yarda ba. Mai koyar da yara ya san cewa yaro biyu za su iya ƙin rubutu a aji ɗaya, ɗayan don taurin kai, ɗayan kuwa don ba ya ganin allo. In ka yi musu magani ɗaya ka cuci ɗaya daga cikinsu. Haka yake ga doki, sai dai shi ba shi da bakin faɗa.

Abu na fari da ya kamata mahayi ya riƙe shi ne, doki dabba ne wanda a daji farautarsa ake yi. Ba shi da ƙaho, ba shi da farce. Makaminsa gudu. Idanunsa suna gefen kai ne, saboda haka yana ganin kusan ko'ina kewaye da shi a lokaci guda, sai dai 'yar kusurwa daidai gaban goshinsa da wata daidai bayan wutsiyarsa. Shi ya sa wanda ya lallaɓo ta bayan doki ba tare da magana ba yakan sha harbi: dokin bai gan shi ba, sai ji ya yi an taɓa shi. Leda da iska ta kwaso, ko laima da aka buɗe farat ɗaya, ko ƙarar bindigar 'yan bindiga, mu mun san ba kome ba ne, shi kuwa jikinsa ya riga ya zabura tun bai yi tunani ba.

Akwai tsohon labari na ƙasar Girka a kan wannan. Fiye da shekara 2,300 da suka wuce aka kawo wa Filibus, sarkin Makidoniya, wani doki mai tsada wanda ya gagari dukan mahayansa. Sarki ya ce a mayar da shi. Ɗansa Iskandari, yana yaro a lokacin, ya lura cewa inuwarsa dokin yake tsoro, gama duk sa'ad da ya motsa sai ya ga wani baƙin abu yana motsi a gabansa. Yaron ya kama ragama, ya juya kan dokin wajen rana, ya shafa shi har ya natsu, sa'an nan ya hau. Da dokin nan, mai suna Bukefalas, ya ci yaƙe-yaƙe har bakin ƙasar Hindu, ya kuma sa wa wani gari sunansa a inda yau ake kira Pakistan. Manyan barade sun ga doki mai taurin kai. Yaro ya ga doki mai jin tsoro.

Abu na biyu, ciwo. Dokin da da can yake tsayawa a ɗaura masa sirdi, yanzu kuwa yana kwantar da kunne yana kai cizo in an ja majanyi, a duba bayansa. Sau da yawa za a tarar da miki a ƙarƙashin sirdi. Dokin da yake kaɗa kai yana ƙin linzami, a duba bakinsa. Haƙoran doki suna ta fitowa ne muddin ransa, turamen kuwa sukan yi kaifi a gefe har su yanke kumatu daga ciki. Likitan dabbobi yakan goge su da magagari, sai ka ga dokin da ake cewa shaiɗani ya koma kamar ba shi ba.

Abu na uku shi ne wanda ya fi yawa a cikin birni, watau ƙoshi da zaman banza. Dokin da yake sake a daji yakan yi fiye da rabin yini da dare yana tafiya yana kiwo a hankali, gama cikinsa ƙarami ne, an yi shi domin ciyawa kaɗan kaɗan. Mu kuwa mukan ɗaure shi a turke, mu sa masa dabaibayi, mu cika shi da dawa da gero da dusa da harawa, mu jiƙa masa kanwa, domin ya yi ƙiba ya yi sheƙi kafin Salla. Ƙarfi yana ta taruwa a jikinsa ba inda za shi. Ran da aka kwance shi, aka kai shi cikin ɗaruruwan ingarmu 'yan'uwansa, ga kiɗa ga bindiga, me ake so ya yi? Dalilin kilisa ke nan. Ba yawon nuna riga ba ne. Tsofaffin masu doki sukan fitar da shi da sassafe ko da la'asar kowace rana, a yi tafiya, a yi sassarfa, a ɗan yi sukuwa, a bi da shi ta kasuwa da bakin hanyar mota domin idonsa ya saba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Linzami

Bari mu daɗe kaɗan a kan linzami, gama a nan ne yawancin ɓarna take. A bakin doki, tsakanin haƙoran gaba da turame, akwai fili inda babu haƙori, dasashi ne kawai a bisa ƙashi. A nan ƙarfen linzami yake kwanciya. Linzamin gargajiya irin wanda maƙeranmu suke ƙerawa yana da harshe wanda yake tokare ganɗa in an ja, da zobe wanda yake kewaye haɓa ya matse ta. An yi shi domin yaƙi, domin mutum mai mashi a hannun dama ya iya tsai da doki da hannun hagu kaɗai. Yana da ƙarfi ƙwarai. A hannun gwani, yatsa biyu sun isa, yawancin lokaci ma igiyar a sake take. A hannun wanda bai iya ba, wuƙa ce. Kumfar da mukan gani ja a bakin waɗansu dawaki da yammacin ranar hawa ba ado ba ne, jini ne.

Ga asirin da kowane mai horon doki ya sani, ko a Katsina ko a Ajantina: doki ba ja yake koya masa ba, sakewa ce take koya masa. Ka ja linzami a hankali, ya tsaya, ka sake nan da nan. Sakewar nan ita ce ladansa, ita ce take gaya masa abin da ya yi daidai ne. In ya tsaya amma ka ci gaba da ja, to, ka koya masa cewa tsayawa ba ta da amfani. Zai gwada wata hanya: ya ɗaga kai sama, ya tashi tsaye, ko ya cije ya ruga. Bakin da ake fizga kullum yakan mutu, har ya zama ba ya jin kome. Sai mai shi ya je wurin maƙeri ya nemi linzamin da ya fi wancan kaifi, haka haka har dokin ya lalace sarai.

Sabon mahayi kuwa, in tsoro ya kama shi, abu biyu yakan yi a lokaci guda ba da saninsa ba. Yakan rataya a jikin linzami domin kada ya faɗi, yakan kuma matse dokin da ƙafafunsa. Likkafar gargajiya tana da faɗi da kusurwa mai kaifi, ita kanta ƙaimi ce. Watau da ƙafa yana cewa "tafi", da hannu yana cewa "tsaya". Dabban da yake jin saukar ƙuda a fatarsa, yaya zai yi da wannan? Doki mai sanyi yakan haƙura. Ingarma mai zafin rai yakan yanke wa kansa shawara, shawarar kuwa sau da yawa ita ce ya rabu da kayan da ke bayansa.

Doki yana karanta mutum fiye da yadda muke zato. A shekarar 2016 masu bincike a Jami'ar Sussex ta ƙasar Ingila sun nuna wa dawaki hotunan fuskar mutum, wata tana murmushi wata a murtuke, suka tarar zuciyar dawakin ta fi saurin bugawa in sun ga mai fushi. Wani bincike da ya biyo baya a 2018 ya nuna sukan tuna da fuskar nan bayan sa'o'i, in sun ga mutumin ido da ido. Tsofaffin 'yan barga ba za su yi mamakin wannan ba. Tun da daɗewa sukan hana yaro kusantar doki in ransa a ɓace yake.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa a bar doki ya yi abin da ya ga dama. Ko kaɗan. Doki dabban garke ne, a garke kuwa kullum akwai na gaba da na baya. In bai sami shugaba a bayansa ba, shi zai zama shugaba. Dokin da ya juya gida yau aka ƙyale shi, gobe tun daga ƙofar gida zai juya. Abin da ake bukata shi ne mahayi wanda maganarsa ɗaya ce: abin da ya hana jiya ya hana yau, ba da hasala ba, ba kuwa da gajiyawa ba. In gyara ya zama dole, a yi shi nan take a wuce wurin. Dukan da aka yi bayan an sauka an ɗaure doki a turke, huce haushi ne kawai, dokin bai san laifin da ake dukansa a kai ba.

Darasin filin folo

Katsina tana da wata makarantar doki wadda garuruwa da yawa ba su da ita, watau wasan ƙwallon doki, folo. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya je Ingila a 1921, shi ne kuma ya kafa wasan a Katsina, ya sa 'ya'yansa da fadawansa suka koya. Ɗansa Usman Nagogo, wanda ya gaje shi ya yi sarauta har 1981, ya zama gwanin da aka san shi har ƙasashen waje. A folo akan auna gwanintar ɗan wasa da lamba, mafi girma ita ce 10, wadda mutane ƙalilan ne a duniya suke kaiwa. Nagogo ya kai 7. Filin folo na Katsina sunansa yake ɗauke da shi. Sarki Muhammadu Kabir Usman, wanda ya rasu a 2008, shi ma ɗan wasa ne, gidan kuwa bai rabu da doki ba.

Me folo yake koya mana? Mutum huɗu ne a kowane gefe, filin kuwa tsawonsa yadi 300. Sanda tana hannun dama, linzami a hagu, idon mahayi yana kan ƙwallo, ba a kan doki ba. Dokin zai ruga, ya tsaya, ya juya, ya goga kafaɗa da wani dokin, duk cikin daƙiƙa kaɗan. Ba mai ƙarfin da zai tilasta wa doki wannan aiki. Sai dai dokin ya fahimci wasan, ya bi nauyin jikin mahayi, har gwanayen dawaki sukan bi ƙwallo da kansu. A nan ra'ayin doki ba aibi ba ne, shi ake saye da tsada. A lura kuma da abu biyu. Kowane zagaye kamar minti 7 ne kawai, sa'an nan a sauya doki, gama an san iyakar ƙarfinsa. Kuma babu ɗan wasa, kome girmansa, da yake shiga fili ba hular kwano.

Samarinmu

Yanzu ga inda zancen ya shafi gidajenmu. A 'yan shekarun nan hawan doki ya fita daga hannun masu barga kaɗai. In ana biki, ko an gama makaranta, ko bayan Salla, samari sukan haɗa kuɗi su yi hayar dawaki su shiga gari. Yawancinsu a kan babur suka girma. Babur kuwa in ka murɗa ya tafi, in ka taka birki ya tsaya, ba ya tsoron leda, ba ya kishin wani babur, ba ya tuna wanda ya doke shi jiya. Da wannan tunani suke hawa ingarman da bai taɓa jin muryarsu ba, wanda wataƙila mutum uku sun riga sun hau shi a ranar. Sa'an nan su yi sukuwa a kan kwalta, inda kofato yake santsi, a cikin unguwa inda yara suke wasa a ƙofar gida. Wanda yakan ji ciwo ba kullum mahayin ba ne. Sau da yawa yarinya ce mai talla, ko tsoho da bai ji ƙarar kofato da wuri ba.

Ban ce a hana yaro doki ba. Gado ne mai kyau, yana kuma koya wa yaro haƙuri da lura irin wanda allo da alli ba su koyarwa. Amma uban da ɗansa ya zo neman kuɗin hayar doki yana da ikon ya yi tambaya. Dokin wa? Ka taɓa hawansa? Mai shi zai bi ku? Ina za ku yi sukuwar, a fili ko a titi? In yaron da gaske yake, a kai shi wurin mai barga ya fara daga ƙasa: ya kwashe kashi, ya ba da ruwa, ya goge jiki, ya ja doki da ragama, ya koyi karanta kunne da wutsiya. Kunnen da ya kwanta baya gargaɗi ne. Kunnen da yake juyawa wajenka, saurarenka ake yi. Sai ya yi makonni a haka kafin ya sa ƙafa a likkafa, dokinsa na fari kuwa ya zama tsoho mai haƙuri. Sabon mahayi da sabon doki ba su haɗuwa. Dukushi ma kansa ƙashin bayansa ba ya gama ƙwari sai ya kai shekara 5 ko 6, saboda haka ɗora masa ƙato da sukuwa tun yana shekara 2 zalunci ne.

Kafin a hau, a sa hannu a gwada majanyi, gama waɗansu dawaki sukan kumbura ciki sa'ad da ake ɗaurawa, in an yi 'yar tafiya sai sirdi ya yi sako-sako ya juya. Kada a tura ƙafa duka cikin likkafar da za ta riƙe ta, domin wanda ya faɗi ƙafarsa tana maƙale, jansa dokin zai yi. In doki ya ƙwace a fili, ja da hannu biyu ba ya tsai da shi, ƙara masa gudu ma yake yi. A zauna sosai, a ja igiya ɗaya a hankali a sa shi ya yi babban kewaye, ana rage kewayen har ya gaji ya sassauta. In kuwa ya tashi tsaye, a saki linzami a kwanta gaba a rungumi wuyansa. Wanda ya ja a wannan lokaci, dokin zai faɗo a kansa ta baya. Hular kwano ta babur ba ita ce ta hawan doki ba, amma ta fi kai tsirara, rawani kuwa ba ya tare kwalta.

In an dawo, kada a ɗaure doki yana haki a zuba masa hatsi. A sassauta majanyi, a zaga da shi a ƙasa har numfashinsa ya daidaita, a ba shi ruwa, a sauke sirdi, a shafa bayansa da tafin hannu a ji ko akwai kumburi ko wurin da ya fi zafi. A buɗe leɓensa a duba inda linzami ya kwanta. In an ga rauni, dokin nan ba shi da hawa sai ya warke, ko da gobe ne hawan Bariki.